Sittin da Takwas

Zuwa ga 'yata Babba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da jikata Injiniya kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar hagu, wadda ba sabon labari ba ce.

Saƙonki na murya ya iso. Sai da na sake saurarensa, domin a karon farko ihun murna ya fi magana yawa. Na sha gaya miki cewa muhimmiyar magana rubuta ta ake yi. Saboda haka zan ci gaba da rubutawa da hannuna, matar da ke da shagon buga takardu a bakin titinmu ta ɗauki hoto ta aika miki. Ke ma ki riƙa rubutowa, ita za ta buga mini a takarda.

Abin da na fahimta shi ne, Injiniya ta ci jarrabawar rubutu ta shiga makarantar kimiyya ta ƙasar da kuke, wadda kika ce dubban yara ke nema a ɗauki kaɗan. Alhamdu lillahi. Yarinyar da ba ta cika shekara guda a can ba ta zauna da 'ya'yansu ta wuce mafi yawansu. Ban yi mamaki ba.

Kin ce saura mataki na biyu, wato suna son sakamakonta na shekaru biyun ƙarshe a tsohuwar makarantarta ta nan. Na je da ƙafata. Shugabar makarantar ɗalibata ce tun ina koyarwa, kafin in koma aikin duba makarantu, kuma ta tarbe ni da mutunci. Na bi takardun layi-layi kafin a buga hatimi, har na sa aka sake buga shafi guda saboda an karkata sunan darasi. Lissafi sittin da takwas, kimiyya sittin da shida, sauran darussa duk a wannan tsakanin. Ita ce ta ɗaya a ajinsu a zangunan nan duka. Ki kuma lura cewa malamin lissafinsu ba ya rabon maki kamar alewa, domin ni na horar da shi. A tsawon shekarun da na yi ina gyaran takardun jarrabawa, waɗanda na ba sittin da takwas ba za su cika falon nan da nake zaune ba.

Ɗakinta yana nan yadda ta bar shi. Ki gaya mata fankar da ta kwance ta mayar tana juyawa, sai dai ta koyi wani tari irin na tsofaffi, kullum muna amsa wa juna.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ya gwiwa? Ga shi na rubuto kamar yadda ka ce, amma a tsaye nake yi a ɗakin canza kaya kafin in koma bakin aiki, don Allah kada ka sa mini jan biro.

Baba, akwai matsala. Takardun sun iso, na kai wa matar da ke ba iyaye shawara a makarantar da Injiniya take yanzu. Ta duba, ta ɗago ta yi mini irin kallon da muke yi wa dangin majiyyaci kafin mu faɗi labari marar daɗi. A nan, sittin da takwas makin yaron da ke barci a bayan aji ne. Mai ƙoƙari casa'in da wani abu yake samu, ɗari ma ba abin a-zo-a-gani ba ce. Kuma makarantar kimiyyar ba ta ko buɗe takardar yaron da makinsa bai kai tamanin da biyar ba.

Na ce mata ai ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ta ce a nan ba a jera yara na ɗaya, na biyu, na uku, don haka babu inda zan rubuta wannan. A kwamfuta ake cikewa. Wani ɗan gurbi ne kamar tambarin yatsa, lamba kawai yake karɓa.

Bari in yi maka bayanin abin da ya tayar mini da hankali. A ƙasar nan yaro na cika shekara goma sha biyar ake raba musu hanya. Waɗanda suka shiga irin wannan makarantar su ke wucewa jami'a kai tsaye. Ita kuwa, da irin wannan makin, makarantar koyon sana'a za su tura ta, daga can kuma kafin mutum ya dawo hanyar jami'a sai ya yi dogon zagaye, da yawa a hanya suke gajiya. Ba a maimaita aji a sake nema baɗi kamar wajenmu, shekarun haihuwa ne ke ajiye yaro a aji. Sau ɗaya ake buɗe wa kowa ƙofar.

Tun rasuwar babanta take hannunka, na zo na ɗauke ta don ta sami abin da ya fi. Idan na raba ku don in kawo ta inda za a ce mata ba ta da ƙwaƙwalwa, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Ka taimaka ka je ma'aikatar ilimi, ai gidanka ne. Su ba mu takarda mai hatimi da ke cewa sittin da takwas ɗinmu daidai yake da casa'in ɗinsu. Ƙarshen wata za su rufe.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, kuma ban sa mata jan biro ba, ko da yake akwai wurare biyu da suka cancanta.

Na je ma'aikata. Mai gadi ya nemi katin shaida, na ba shi, ya juya shi gaba da baya ya ce wa na zo gani. Na ambaci mutum huɗu, uku sun yi ritaya, ɗaya ya rasu ban ji ba. Ofishin da na zauna a bene yanzu ma'ajiyar karyayyun kujeru ce. Daga ƙarshe aka kai ni wurin wani matashin jami'i mai ladabi, ya ba ni kujerarsa, ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce sashensu yana daidaita takardun waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo ne, ba na masu fita ba, kuma ko su ma takardar kammalawa ake dubawa, ba makin zango ba. Na tambaye shi wane sashe ne ke da alhakin masu fita. Ya ce, "Baba, gaskiya babu." Na nemi ya rubuta mini haka a takarda. Ya ce ba shi da ikon rubuta cewa babu.

Daga nan na koma makarantar. Shugabar ta karanta wasiƙarki, ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta zauna. Zan kawo miki maganarmu kamar yadda ta gudana.

Ta ce, "Malam, a bar wahalar nan haka. Bari in sa a sake buga takardar, inda aka sa sittin da takwas a sa casa'in da biyu. Ai ba ƙarya ba ce. Da a can ta yi aikin nan, abin da za su ba ta ke nan."

Na ce, "Wanda ya gyara takardarta casa'in da biyu ya ba ta?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "To, hatimin da za ki buga shaidar me zai bayar?"

Ta ture wasiƙar gefe. Can ta ce, "Bana kaɗai na yi wa iyaye uku, duk yaran sun shiga."

Na ce, "Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Ba kai ba, Malam. Kai ma'auni ka koya mana, kuma har gobe da shi muke aiki. Amma duk yaron da ya fita da shi waje, shi ke sha a jikinsa."

Babba, na san abin da za ki ce. Na zauna a kwamitocin da suka sallami malamai daga aiki a kan ƙarin maki biyar, wasunsu da iyali, wani har ya durƙusa a gabana. Ban ga yadda zan ɗauki takardar da aka ƙara wa ashirin da huɗu in sa a jakata ba. Bayan haka, idan suka rubuto neman tabbaci suka ga saɓani, ba makarantar kaɗai yarinyar za ta rasa ba. Na gode wa shugabar, na ce a'a. Ta rako ni har bakin ƙofa tana riƙe da sandata.

Abin da na iya shi ne wannan. Na karɓi makin 'yan ajin gaba ɗaya, ba tare da sunaye ba, na tsara su a jadawali, na rubuta bayani shafi huɗu a kan yadda ake gyaran takarda a ƙasar nan, da dalilin da ya sa saba'in take kusan ƙololuwa. Shugabar ta sa hannu. Duk mai hankalin da ya karanta zai fahimta. Ki tabbata ya kai hannun mutum.

Allah ya sa mu dace.

Mahaifinki.

*

Kaka Sufeto,

Ina wuni, ya gida, ya tarin fanka? Kada ka kai ta wurin kowa, ka bar mini kayana.

Ni ce na rubuto saboda Mama ta ce ba ta da abin cewa. Fushi take yi. Ranar da ta karanta wasiƙarka ta wanke tukwanen gidan nan kaf, har da waɗanda ba a yi girki da su ba.

Mun cike, mun sa sittin da takwas. Shafukanka huɗu babu inda za a liƙa su, mun gwada ta ko'ina. Ko shayin da Mama ta haɗa bai huce ba amsa ta dawo, wai suna godiya da sha'awata, amma ban cika sharaɗi ba. Kaka, ko mutum bai gani ba, na'ura ce ta kore ni.

Amma saurara. Mama ta ɗaukaka ƙara, ta yi ta zarya har masu ofishin suka haddace fuskarta. Da yake makina na jarrabawar rubutu yana sama sosai, kwamiti ya yarda zai zauna da mu. Sun ce mu kawo malami ɗaya da ya san aikina, ko ta kiran bidiyo ne. Mama ta ce malamin lissafi. Na ce a'a, wanda ya zaunar da ni a baranda kullum bayan la'asar yana sa ni sake lissafi saboda ban ja layi da rula ba, shi zai yi magana. Sun ce kaka ma ya halatta tunda malami ne, in dai an faɗa musu dangantakar.

Abu ɗaya nake roƙo. Mutanen nan in an tambaye su game da ɗalibi, zuba suke yi. Wani yaro a ajinmu ya manna kwali biyu da gam, malama ta ce abin al'ajabi ne, har da tafi. Ni rannan na amsa tambaya ta ce ta yi alfahari da ni, na waiwaya in ga da wa take. To Kaka, ka ɗan zuba. Ba da yawa ba, kada ka shaƙe.

Kuma ka zauna nesa da allon kaɗan, ba hancinka suke son gani ba.

Jikarka, Injiniya.

*

Zuwa ga 'yata Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na rubuto ne da dawowata daga shagon, tun abin yana sabo a kaina. Ke kina gefe ban gan ki a allon ba, kuma layi ya yi ta yankewa, saboda haka ina so in san ko abin da na faɗa ya iso yadda na faɗe shi.

Na sa kwat ɗina mai toka. Mai shagon ta ba ni ɗakin ciki, ta kashe injin buga takardu don kada ƙara ta dame mu, ta ɗora kwamfutar a kan kwalayen takarda har ta zo daidai fuskata. Allah ya saka mata.

Mutum uku na gani. Na tsakiyar yana sanye da rigar da ni ba zan fita karɓar jarida da ita ba, yana kurɓar wani abu a kofi, amma na lura yana sauraro. Na yi musu bayanin ma'auninmu a taƙaice, na nuna jadawalin. Sun gyaɗa kai, wata mai gilashi a cikinsu har ta rubuta wani abu. A nan na ji hankalina ya kwanta.

Sai mai gilashin ta ce, a cikin duk ɗaliban da suka bi ta hannuna, ina zan ajiye wannan yarinya? Na ce mata bai dace mutum ya auna jininsa a bainar jama'a ba, amma tunda an tambaye ni a matsayin malami, yarinyar ba ta da laifi. Ta tambayi inda ƙarfinta yake. Na ce tana yin aikin da aka ba ta, kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ki sani ban taɓa faɗin wannan a kan wani ɗalibi a gaban hukuma ba, balle ɗalibin yana zaune yana ji. Da ya fito daga bakina sai da na ji nauyi.

Na ukun ya tambayi rauninta. A nan na ga dama ce ta nuna musu cewa ba son kai ya kawo ni ba, domin shaidar da babu suka a cikinta ba a ɗaukarta da daraja. Na ce tana da gaggawa, takan tsallake matakai idan ta hango amsa, rubutunta yana lalacewa a ƙarshen shafi, kuma idan darasi ya yi mata sauƙi hankalinta yakan tafi wani wuri. Na ba da misali a kan kowanne.

Daga ƙarshe na tsakiyar ya ce, ina ganin za ta iya ɗaukar nauyin karatunsu? Na ce idan ta dage, Allah kuma ya yarda, ina sa ran ba za ta zama ta baya ba. Suka yi godiya, allon ya ɗauke.

A ganina zaman ya yi kyau. Abin da nake tsoro kawai shi ne kada su ga kamar na wuce gona a wajen yabo. Ki sanar da ni da zarar kun ji.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Na jinkirta ne don ina so in rubuto bayan zuciyata ta sauka, ban tabbata ta sauka ba.

Duk abin da ka faɗa ya iso, ko kalma ɗaya ba ta ɓata ba.

Bayanin makin sun karɓa. Mai gilashin ta gaya mini da bakinta cewa jadawalinka ya gamsar da su, sun cire maganar tamanin da biyar. Abin da ya rage su ji shi ne shaidar malami, domin yara da yawa ne suka ɗaukaka ƙara, gurbin kuwa 'yan kaɗan ne. Ina zaune a waje kafin a kira mu, ina jin malaman wasu ta ƙofa. Wannan ya ce bai taɓa ganin kwanya irin ta yaronsa ba. Waccan ta ce ɗalibarta za ta canza duniya. Tambayar rauni kuwa a nan ta cika ƙa'ida ce kawai, mutum ya ce yaron yana cika takura wa kansa da aiki, a yi dariya a wuce. Kai ka kawo huɗu, kowanne da misali.

Da allon ya ɗauke, na tsakiyar ya ajiye kofinsa ya ce mini, cikin ladabi, ya lura kakanta ma yana da ɗan shakku. Na miƙe tsaye. Na ce musu mutumin nan da kuka gani, ranar da na fito ta ɗaya a makarantar jinya, abin da ya ce mini shi ne, "To, madalla, a ci gaba." Na ce ni 'yarsa har yau ban sami "ba ta taɓa ba ni kunya ba" daga bakinsa ba. Suka yi murmushi, suka ce sun fahimta. Ba su fahimta ba, Baba. Abin da ke rubuce a gabansu shi ne ba ta da laifi, kuma wataƙila ba za ta zama ta baya ba.

Jiya amsa ta zo. Sun sa ta a jerin masu jira, can ƙasa. Matar da ke ba da shawara ta ce jerin ba ya motsawa ya kai nan, mu fara duba makarantun sana'a tun kafin masu kyaun su cika. Babu ƙara bayan wannan.

Injiniya ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne ranar zaman, muna fitowa ina cike da takaici, ita kuwa sai murmushi take yi ita kaɗai a tashar mota. Na ce ke lafiyarki? Ta ce, "Mama, kin ji abin da Kaka ya ce? Wai ban taɓa ba shi kunya ba. A gaban mutane fa!" A duk ɗakin nan ni da ita kaɗai muka san abin da ka ba ta, kuma ba mu ke da ƙuri'a ba.

Ban ce ka yi laifi ba. Ban san wanda zan ce ya yi ba. Ka sha maganinka.

'Yarka.

*

Babba,

Assalamu alaikum. Na karanta.

Na koma shagon na roƙi matar ta sake buɗe mini inda muka yi magana da su. Ta gwada, ta ce irin wannan hanyar sau ɗaya take aiki. Na ce ta sake gwadawa. Na zauna a gaban allon har wasu suka zo buga takardunsu, na ba su wuri.

Mai gilashin ta yi mini tambaya, ban ba ta amsa ba. Ga amsar a takarda dabam, na sa hannu da cikakken muƙamina na da: a cikin duk ɗaliban da na koyar da waɗanda na gyara takardunsu, ban ga kamarta ba.

Idan akwai inda ake kai irin wannan, ki kai. Idan babu, ki ba yarinyar.

Wassalam.

Mahaifinki.